Ranar da Surajo Ya Riƙe Hannun Alhaji

Ranar Lahadi ta sama ne mutanen Faïçal za su kawo goro gidan Alhaji Zabeirou, kuma Rachida da bakinta ta ɗaure kanta.

Ba a yi mata dole ba, wannan kam a faɗi gaskiya. Shekarunta ashirin da biyar, tana aikin jinya a wani asibiti a Greensboro, motar da take hawa ma ita ta saya. Matsalar ɗaya ce, tana son Surajo, babanta kuwa ko sunansa ba ya son ji.

"Wane Surajo?" haka Alhaji yake cewa. "Ɗan Najeriyan nan mai ƙirgar kadoji? Mutum ya ƙetare teku ya zo Amerik, ya rasa abin karantawa sai kada? Ga Faïçal ɗan aminina Chaïbou, garejinshi a buɗe, mun san uwa mun san uba tun Gaya."

Ranar da ta gaji da kuka ne ta durƙusa a falo ta ce, "Baba, ka gan shi sau ɗaya kawai. In ka gan shi da idonka ka ce bai yi ba, na yi alkawari zan karɓi Faïçal, ba za ka ƙara jin bakina ba."

"Bon, na ji," in ji Alhaji. "Ranar da Allah ya haɗa mu na gan shi."

Daga nan ya hana a kawo Surajo gidan. In sun haɗu a masallacin Juma'a kuwa, Alhaji ya san ƙofar da zai bi ya fita. Gogaggen direban tasi ne, shekara goma sha huɗu yana kauce wa cunkoso a Elm Street, kauce wa saurayi ɗaya ba zai ba shi wuya ba.

Shi ya sa Rachida ta shirya tafiyar hutu.

Ta ce da iyayenta tun da suka zo ƙasar nan ba su taɓa zuwa ko'ina don shaƙatawa ba, daga aiki sai suna sai ta'aziyya. Ta ce akwai wata fadama can bakin teku, gaba da Wilmington, ana shiga jirgin ruwa a ga tsuntsaye. Ba ta ce musu Surajo ne yake tuƙa jirgin ba. Duk damina, in jami'arsu ta gabashin gari ta ba da hutu, can yake aiki a gandun dabbobin.

Mahaifiyarta, Hajiya Fourera, ta dube ta ta gefen ido ta ce, "Tsuntsaye ko?" Ta tashi ta soya kaji biyu.

Abin da Rachida ba ta shirya ba shi ne Faïçal. Alhaji ne ya kira shi ya tuƙa su, wai tafiyar awa huɗu ta yi wa mace yawa.

Suka kama hanya ranar Asabar bayan asuba. Faïçal ba mugun mutum ba ne, surutu ne dai Allah ya hore masa. Kafin su wuce Raleigh ya gaya musu ciwon kowace mota da ta wuce su. Rachida tana baya kusa da kular abinci, tana ta murɗa bakin mayafinta har ya yamutse.

Hantsi ya yi suka isa. Wurin ba wani abin kallo daga waje, ɗan ofishin katako ne da gada mai shiga cikin ruwa. A ƙarshen gadar ga jirgi mai shimfiɗaɗɗen ciki, wasu tsofaffin Turawa biyu, mata da miji, sun riga sun zauna da madubin hangen nesa a wuya. Mai jirgin yana sunkuye yana kwance igiya, kaki ne a jikinsa da hular rana.

Da ya ɗago ya gan su, sai ya cire hular, ya durƙusa a kan katakon gadar.

"Sannunku da zuwa, Alhaji. Sannu da hanya, Hajiya. Sunana Surajo."

Alhaji bai dubi Surajo ba, 'yarsa ya duba.

"Tsuntsaye," in ji Alhaji.

"Baba..."

"Mun riga mun zo. Ku shiga."

Surajo ya raba musu rigunan ruwa, ya yi bayani da Turanci kamar yadda yake yi wa kowa: kada a miƙe tsaye, kada a sa hannu cikin ruwa, kada a ba wa dabba abinci. Ya maimaita da Hausa. Alhaji yana kallon wani gefen, ya nuna ƙarara ba da shi ake ba.

Jirgin ya sulala cikin fadamar ba ƙara. Ruwan baƙi ne kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Itatuwa dogaye suna tsaye a cikinsa, wata irin ciyawa mai furfura tana reto daga rassansu. Ƙififiyu uku suna shan hantsi a kan wani gungume, da jirgin ya matso suka zube ruwa ɗaya bayan ɗaya. Wani zalɓe ya tashi daga cikin ciyawa, fukafukansa sun kusa kai faɗin jirgin. Baturiyar ta ɗaga kyamara.

Rachida ba ta kallon ko ɗaya. Babanta take kallo, kuma abin da take gani ya ba ta mamaki.

Alhaji Zabeirou Basarke ne, jikan masunta, a bakin kogin Kwara aka haife shi. Ta san wannan kamar yadda ake sanin labarin da iyaye suke maimaitawa, amma ba ta taɓa ganinsa a kan ruwa ba. Mutumin da ko kujerar falo sai ya dafa yake tashi, ga shi zaune daram a bakin jirgi, ya cire takalmi, hancinsa yana shaƙar iska.

"Akwai kifi nan ƙasa," ya ce, ba da kowa ba. "Manya."

"Akwai, Alhaji," in ji Surajo. "Nan ne raminsu."

Alhaji ya yi kamar bai ji ba. Can gaba ya nuna wani reshe da haɓa. Sai da kowa ya ƙura ido kafin a ga maciji ya naɗe a kai, launinsa ɗaya da itacen. Da suka sha kwana kuma ya ɗaga yatsa, Surajo ya kashe inji ba tare da an ce masa ba.

"Ga ta can," in ji Alhaji a hankali. "Mace ce."

Faïçal ya leƙa ya ce da Alhaji, "Tonton, ai gungume ne."

Gungumen ya buɗe ido. Kada ce.

Surajo ya yi murmushi har haƙoransa suka fito. "Alhaji ya riga ni gani. Wata uku ina bin wurin nan kullum, ba baƙon da ya taɓa riga ni. Yaya aka yi ka san mace ce?"

Karon farko ke nan Alhaji ya dube shi sosai.

"Namiji da ya ji mu da ya nutse. Wannan ta ƙi gusawa. Tana da ƙwai kusa."

"Bayan waccan ciyawar," in ji Surajo. "Tulin ganyen nan da kake gani, sheƙarta ce. Nan da sati uku za su fashe. A takarda lamba gare ta, amma ni Inna nake ce mata."

"Inna," Alhaji ya maimaita, gefen bakinsa ya motsa. "Kai ɗan ina ne ma?"

"Haɗeja, Alhaji. Mu ma fadama gare mu."

"To, ashe dai ka san ruwa."

Hajiya Fourera ta taka ƙafar Rachida a hankali. Rachida ta sunkuyar da kai don kada a ga fuskarta. Daɗi ne ya cika ta har ya so ya zama kuka. Shekara biyu tana roƙon Allah wannan kalma ɗaya, ga ta ta fito daga bakin babanta ba wanda ya matsa masa.

Sai Alhaji ya juya ya ce, "Faïçal, buɗe kular nan ka ba ni cinya guda."

Rachida ta ɗauka yunwa ce. Hajiya ce kaɗai ta gane, don ita ta san gidan da ta yi aure. A dangin Alhaji, in mutum ya shiga ruwan da bai taɓa shiga ba, ya ga babbar dabbar ruwan, sai ya jefa mata wani abu daga guzurinsa. Ba ciyarwa suke ɗaukarsa ba, gaisuwa ce. Kakansa ya yi, babansa ya yi, shi ma bai ga dalilin da zai sa ya wuce uwar gida bai gaishe ta ba.

Faïçal ya miƙa cinyar da sauri, yana murna an sa shi aiki. Alhaji ya yi bisimilla, ya karkata wajen ruwa, ya ɗaga hannu.

"Alhaji, don Allah kar ka jefa," in ji Surajo.

Hannun ya ci gaba da tafiya baya.

"Alhaji."

Kadar ta riga ta juyo da kanta wajen jirgin.

Taku biyu Surajo ya yi. Ya riƙe wuyan hannun Alhaji a sama, riƙo na gaske, har cinyar ta suɓuce ta faɗo cikin jirgi kusa da takalmin Baturen.

Wani tsuntsu yana ta kuka can cikin itatuwa.

Rachida ta ga yatsun Surajo a kan hannun babanta, gaban matarsa, gaban 'yarsa, gaban ɗan amininsa, gaban baƙi. Tunda take ba ta taɓa ganin wani ya taɓa Alhaji ba sai don gaisuwa.

"Sake ni," in ji Alhaji.

Surajo ya saki, ya durƙusa nan cikin jirgin.

"Ka gafarce ni, Alhaji. In ta ci daga hannun mutum sau ɗaya, ta gane jirgi abinci ne. Gobe za ta biyo wani jirgin, wataƙila da yara a ciki. Duk kadar da ta fara bin mutane harbe ta ake yi. Ƙwan kuma ba mai gadinsu."

"Kai, ka san wanda ka riƙe kuwa?" in ji Faïçal.

Alhaji ya sa takalminsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Koma da mu," ya ce.

A bakin gada iyayen suka wuce mota, Faïçal yana biye da kula. Rachida ta tsaya. Surajo yana ɗaure igiya.

"Cinya ɗaya ce, Surajo," ta ce, hawaye suna zubo mata. "Cinyar kaza ɗaya."

"Na sani."

"Ka san alkawarin da na yi masa. Na gaya maka a waya, sau nawa na gaya maka? Ya fara sonka, wallahi ya fara. Ka ji abin da ya ce. Da ka kau da kai na minti ɗaya, da yanzu magana ta ƙare."

"Rachida, na yi tunanin haka. Tsakanin ɗaga hannunsa da tashina, na yi tunanin."

"Amma ka zaɓi kada."

Ya saki igiyar ya miƙe.

"Ni aka ba amanar wurin nan," ya ce. "In na kau da kai yau don babanki ne, gobe da wane ido zan hana wani? Kuma da ni za a zo harbinta, ni zan nuna musu inda take kwana. Ina sonki, Allah ya sani. Riƙon da na yi masa zan je har gida in ba da haƙuri, ko zai kore ni sau goma. Amma ba zan ce masa da na bari ya jefa ba, don ƙarya zan yi."

"To ka zauna da gaskiyarka," ta ce. "Ni Lahadi ta sama za a kawo goro."

Ta juya ta tafi. Bai kira ta ba, kuma wannan ya fi komai yi mata ciwo.

A hanyar komawa Faïçal ya yi ta magana a kan tarbiyya da 'yan boko har suka kai rabin hanya. Alhaji yana zaune a gefensa. Ya ɗora hannun dama a cinya, yana kallon titi.

Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Alhaji yana fita aiki yana dawowa, yana cin tuwonsa, ba ya ɗaga zancen. Surajo ya kira wayar gida sau biyu, Alhaji ya ce a ce ba ya nan, alhali yana zaune kusa da wayar. Ranar Laraba Hajiya ta aika aka sayo lemo da ruwa na baƙin Lahadi, aka jera su a kicin inda Rachida take ganinsu duk safiya.

Ranar Alhamis ta dawo daga aiki ta tarar da uwarta tana gyaran shinkafa. Ta zauna a ƙasa ta ɗora kai a gwiwarta kamar ƙaramar yarinya.

"Mama, ki yi masa magana."

"In ce mi? Ke kika yi alkawari, ba ni ba. Ya gan shi da idonshi, har ya ji shi a hannu."

"Ni na jawo. Da ban kai ku ba."

"Ke kika jawo kam," in ji Hajiya, tana shafa kanta. "Amma bari in gaya maki abu guda. Shekara talatin ina tare da babanki. In ya yi fushi faɗa yake yi, duk unguwa ta ji. Wannan shirun ban san shi ba."

Ranar Asabar bayan la'asar Alhaji ya kira ta falo. Yana zaune a kan darduma, carbi a hannu. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Na ga yaron," ya ce. "Kin tuna abin da kika ce?"

"Na tuna, Baba."

"Kina nan a kai?"

Ta gyara durƙuso. "Ina nan a kai. Abin da ka ce shi zan yi."

Ya gyaɗa kai. Ya ja carbi biyu ko uku.

"Ina da shekara tara, wasu masunta sunka zo daga ƙasa, sunka shiga ruwanmu," ya ce. "Babbansu dattijo ne, ya girmi babana nesa. Ya ɗaga mashi zai soki dorina mai ɗa. Babana shi ne mai ruwan wurin. Ya riƙe mashin nan gaban kowa. Dattijon ya yi wata guda ba ya gaishe shi. Ni kuwa har yau in ina son tuna babana, wannan ranar nike tunawa."

Rachida ta ɗago.

"A wurinmu, ba a jefa komi cikin ruwan wani sai an tambayi mai ruwan. Ko gaisuwa ce. Wannan shi ne farkon abin da anka koya mani. Kwana bakwai ina neman inda yaron nan ya yi kuskure, kullum sai in tarar da kaina ina ɗaga hannu ban tambaya ba." Ya dubi wuyan hannunsa. "Riƙo gare shi kam. Kira mani shi."

Ta buɗe wayarta ta kira lambarsa. Bugu ɗaya Surajo ya ɗauka. Ta miƙa wa babanta.

"Kai ne mai ruwan?" in ji Alhaji. Ya saurara kaɗan. "A'a, bar ba da haƙurin, na ji. Ƙwan sun fashe? To, da saura. Ka ji ni da kyau. Na shiga ruwanka ban nemi izini ba, ka hana ni, ka yi daidai. Yanzu kai ke son shiga nawa. Ka san yadda ake yi. Ka turo manyanka."

Ya rufe wayar ya miƙa mata. Rachida ta kifa fuska a kan darduma tana kuka.

"Ki bar kukan, aiki bai ƙare ba," in ji Alhaji. "Chaïbou ya sayi goro tun shekaranjiya. Shi ya tarbe ni a filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan, a ɗakinshi na kwana wata shida. Na yi mashi alkawarin aurenki, yanzu zan je in warware."

Hajiya tana tsaye a ƙofar kicin. "Alhaji, ko ka kira shi a waya?"

"Ba a yi wa Chaïbou wannan a waya."

Ya dafa kujera ya miƙe, ya ɗauki hularsa da makullin tasi. A bakin ƙofa ya tsaya ya juyo wajen 'yarsa.

"In na dawo da aminina, to. In na dawo ba shi, ki san abin da na ba da a kanki. Ki gaya wa yaron nan ya riƙe ki yadda ya riƙe hannuna."

Ya fita ya ja ƙofar.